“My Lady Frustration”: Kiɗan da Fela ya haɗa a Amurka a 1969, wanda Afrobeat ya tsiro daga gare shi

Kwanakin baya muna zaune wurin mai shayi a Mile 2 bayan sallar isha'i, sai wani kiɗan Fela Kuti ya tashi daga wayar wani saurayi. Nan take gardama ta kaure tsakaninsa da abokinsa, dukkansu haifaffun nan Legas, irin yaran namu da Yarbancinsu ya fi Hausarsu gudu. Na farko ya ce ai Fela bai ƙirƙiri komai ba, kiɗan James Brown ya kwaso ya ɗora masa Turancin buroka. Na biyu ya ce ina! Kiɗan gargajiyar Yarbawa ne aka buga da kayan Bature. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai suka juyo kaina: “Kawu, kai da ka ga jiya ka ga yau, raba mana gardamar nan.”

Na ce musu kowa ya taɓo gaskiya, amma dukansu sun bar uwar tafiyar a baya, wato kiɗan jaz. Kuma in ana son ganin inda abubuwan nan suka fara haɗuwa a tukunya ɗaya, ba “Zombie” za a nema ba. Akwai wani kiɗa da ya girme shi da shekaru, sunansa “My Lady Frustration”, wanda Fela ya haɗa a birnin Los Angeles na Amurka a 1969. Babu wanda ya taɓa jin sunan a cikinsu. Na yi musu alkawarin zan rubuta bayani a kai, ga shi yau ina cikawa.

Na san wasu dattawanmu na Agege da Idi-Araba za su yi tsaki su ce me ya kai ni. Ban manta ba. Fela mutum ne da ya sha wiwi a bainar jama'a, ya auri mata 27 a rana ɗaya a 1978, kuma a wasu waƙoƙinsa na baya ya taɓa malaman Musulunci da limaman coci da baƙar magana. Ba halinsa na zo karewa ba. Amma a garin nan muke zaune, 'ya'yanmu da kiɗan garin nan suke tashi, kuma gidan mutumin nan a da a kan titin Agege Motor Road yake, hanyar da da yawanmu muka sha bi. Sanin asalin abin da ke shiga kunnen yaranka ya fi rashin sani.

Fela kafin 1969

An haifi Fela ranar 15 ga Oktoba, 1938 a Abeokuta. Mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta, mahaifiyarsa kuwa ita ce Funmilayo Ransome-Kuti, fitacciyar 'yar gwagwarmayar nan. A 1958 ya tafi Landan ya shiga kwalejin koyon kiɗa ta Trinity, inda ya fi mai da hankali ga busa ƙahon nan na tagulla da ake kira turamfet. A can ya kafa ƙungiyarsa mai suna Koola Lobitos, a can kuma jaz ya shiga ransa, musamman busar Miles Davis.

Ya dawo gida a 1963 ya kama aiki a gidan rediyon tarayya na NBC a Legas. Burinsa a lokacin ya zama gwanin jaz zalla, irin na Amurkawa. Ya haɗa ƙungiyar mutum biyar tare da taimakon wani ma'aikacin rediyo, Benson Idonije, wanda ya zama manajansa na farko. Ga wanda bai sani ba, wannan Idonije shi ne kakan Burna Boy ta wajen uwa. A 1964 kuma Fela ya samu makaɗin ganga Tony Allen, mutumin da sunansa zai yi ta dawowa a wannan bayani.

Jaz zalla bai ci kasuwa a Legas ba. Mutanen gari hailaif suke so, irin na Bobby Benson da Victor Olaiya da Rex Lawson, kiɗan da za a tashi a taka. An ce mahaifiyarsa ce ma ta ba shi shawarar ya riƙa yin kiɗan da jama'arsa za su gane. To, a 1965 ya farfaɗo da sunan Koola Lobitos, ya shiga yin abin da ya kira hailaif-jaz: gindin hailaif ne, amma busar ta jaz. Ya samu masoya, sai dai bai kai sahun gaba ba. 'Yan rawa na ganin busar ta yi yawa ta yi wuya, masu son jaz kuma ba su da yawan da za su cika gidan rawa.

Ana cikin haka sai ga Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya diro Legas da manyan lasifika da kayan kiɗa na zamani, yana kwaikwayon James Brown. Ya kwashe samarin gari kaf. Fela da bakinsa ya sha faɗin yadda zuwan Pino ya girgiza shi. Ga kuma yaƙin basasa da ya ɓarke a 1967, ya watsa makaɗan hailaif da yawa, domin da dama daga cikinsu 'yan Gabas ne. A wannan tsakanin ne Fela, yana kai-komo tsakanin Legas da Ankara ta Gana, ya laƙaba wa kiɗansa suna Afrobeat. Amma a gaskiya suna ne ya riga jariri zuwa. Kiɗan da ya dace da sunan bai samu ba tukuna.

Me ake nufi da jaz, me ake nufi da gauraya shi?

Sai na ɗan tsaya a nan, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba.

Jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayi, ya taso a farkon ƙarni na 20 a wajejen birnin New Orleans. Tsarinsa na yau da kullum shi ne: makaɗa su fara busa take gaba ɗaya, wato karin da aka san kiɗan da shi. Daga nan sai a bai wa mutum ɗaya fili ya ƙaga nasa nan take, ba rubutacce ba, sauran suna riƙe masa gindi. In ya gama wani ya karɓa. A ƙarshe a koma wa taken farko a rufe. Gwaninta a jaz ita ce wannan ƙagawar ta nan take.

A jaz na shekarun 1940 da 1950, gindin da ake riƙewa ba ya zama wuri ɗaya. Sautin yana ta sauya mazauni, hawa da sauka, kusan kowane bugu biyu ko huɗu, mai busa kuwa dole ya bi duk inda aka karkata. A 1959 Miles Davis ya fitar da faifan “Kind of Blue”, wanda ya shahara da rage wannan yawan sauye-sauye: a zauna a mazauni ɗaya na tsawon lokaci, mai busa ya sake ya yi yawonsa a ciki. A lokacin Fela na ɗalibi a Landan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara goma bayan haka, a 1969, Miles ɗin dai ya sake juya akalar. Ya shigo da jita da fiyano masu aiki da lantarki da bugun kiɗan rok da na fonk cikin jaz, ya fitar da “In a Silent Way”, ya kuma ɗauki “Bitches Brew” a watan Agusta na shekarar, aka fitar a 1970. Wannan shi ne abin da aka sani da jaz gauraye. 'Yan mazan jiya na jaz sun ce haɗin gambiza ne, samari kuwa suka yi caa a kai. To a wannan shekarar, a ƙasar Amurkar dai, Fela yana can ɗaya gefen ƙasar yana nasa gaurayen. Bambancin shi ne Miles daga jaz ya taso ya nufi rok, shi kuwa Fela jaz ya ɗauko ya nufo gida da shi.

Wata goma a Amurka

A tsakiyar 1969 Fela ya kwashi Koola Lobitos suka tafi Amurka da zummar za su yi suna. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Alkawuran da aka yi musu ba su cika ba, kuɗi ya ƙare, takardun zamansu suka ƙare, suka ƙarasa Los Angeles a wahalce. Duk wanda ya taɓa sauka a Legas da adireshin wani ɗan uwa a aljihu, ya je ya tarar mutumin ya tashi, ya san irin wannan hali.

A Los Angeles ya haɗu da wata baƙar fatar Amurka mai suna Sandra Smith, wadda daga baya aka sani da Sandra Izsadore. Tana cikin masu gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ta yi hulɗa da ƙungiyar Black Panther. Ita ta ba shi masauki a gidan iyayenta, ta ɗauki nauyinsa, ta kuma ba shi littattafai, ciki har da tarihin rayuwar Malcolm X, wato Alhaji Malik El-Shabazz. Abin mamaki, ita Ba'amurkiya tana ɗokin Afirka tana neman ya koya mata, shi ɗan Afirka sai ya tarar bai taɓa zama ya yi tunanin abin da ya baro a gida ba. A cikin tarihinsa da Carlos Moore ya rubuta, wanda ya fito a 1982, Fela ya amsa cewa a wannan zaman ne ya gane duk tsawon shekarun nan ba kiɗan Afirka yake yi ba.

Yadda ya ba da labarin, wata rana ya zauna gaban fiyano a gidan su Sandra, ya tuno wani salon bugu da ya taɓa ji wurin Ambrose Campbell, tsohon makaɗin nan ɗan Legas da ya daɗe a Landan yana jagorantar ƙungiyar West African Rhythm Brothers. A kan wannan bugun ya gina sabon kiɗa. Da ya zo wajen murya kuma, maimakon ya rera baiti irin na hailaif ko na Turawa, sai ya yi abin da ya ga mutanen gida na yi, wato rauji da jan murya. Ya sa wa kiɗan suna “My Lady Frustration” saboda Sandra, don ya san irin takaicin da ya ɗora mata: tana ta kashe kuɗi da lokaci a kansa, shi kuwa ba abin da ya tsinana.

A lokacin suna wasa a wani gidan rawa mai suna Citadel de Haiti a titin Sunset Boulevard, mallakar ɗan fim Bernie Hamilton. A can aka fara buga kiɗan a gaban jama'a, kuma yadda mutane suka miƙe suka karɓe shi ne ya tabbatar wa Fela cewa ya kama bakin zaren. Ya canja wa ƙungiyar suna zuwa Nigeria 70. Kafin hukumar shige da fice ta matsa musu su bar ƙasar, sun samu sun shiga ɗakin ɗaukar sauti sun naɗi kiɗa da dama, waɗanda daga baya aka tattara da sunan “The '69 Los Angeles Sessions”. A ciki akwai “Viva Nigeria”, mai kiran a zauna lafiya a ƙasa ɗaya lokacin ana tsakiyar yaƙi, akwai “Obe”, akwai “Ako”, akwai kuma “Wayo”. Wannan kalma ta ƙarshe tamu ce, daga Hausa ta shiga Turancin buroka, sai dai a can ma'anarta ta fi karkata ga zamba.

Abin da kunne zai ji

Kiɗan bai kai minti bakwai da wani abu ba, gajere ne in aka kwatanta da na Fela na baya da ke cinye fuskar faifai guda. Kuma kusan babu kalmomi a cikinsa. Wannan shi ne abu na farko da ke ba Bahaushe wahala, domin mu a wurinmu magana ce sarauniyar waƙa. In ka sa wa mutumin Kano ko Katsina kiɗa, jira yake ya ji me aka ce, wa aka wasa, wa aka yi wa zambo. A nan ba a wasa kowa ba.

Amma ni a ganina kunnen da ya tashi da Mamman Shata ya fi kunnen Bature saurin gane ginin wannan kiɗa, in dai an nuna masa ƙofa. Ku tuna yadda waƙar Shata take. Kalangai suna riƙe da bugu guda, suna maimaita shi daga farko har ƙarshe. 'Yan amshi suna da gindin waƙa guda, ba sa sauya shi. Shata ne kaɗai ke yawo a sama, yana ƙago magana nan take, ya yi nisa ya dawo, amshi ya tare shi. Ba wanda ya taɓa cewa waƙar Shata ta gundure shi don kalangu bai canja ba. Rashin canjawar ne ma ke ba shi filin yin yadda ya so.

To haka “My Lady Frustration” yake. A ƙasa akwai jitar bes, mai kaurin murya, tana maimaita 'yar gajeriyar jimla guda ba ta gajiya. Ita ce ginshiƙin. A gefenta jita tana sara gajere-gajere, ba ta rera komai, aikin kanzagi take yi. Wannan saran, shi ne rabon James Brown a cikin tukunyar, kuma a nan saurayi na farko ya yi gaskiya. A hailaif jita zaƙi take bayarwa, tana zagaya mazaunin sauti uku ko huɗu tana dawowa, shi ya sa hailaif ke da fara'a. A nan an hana ta zagayen. Kusan duk tsawon kiɗan ana zaune ne a mazauni ɗaya, mai ɗan duhu da nauyi. Ga darasin “Kind of Blue” ya dawo, sai dai Fela ya gano cewa abin da su Miles suka sha wahalar nema, makaɗan gargajiyar Afirka ta Yamma a kansa suke tun fil azal.

Sai masu busa. Turamfet da saksofon suna shigowa tare da take mai ƙarfi, a dunƙule kamar 'yan amshi. A ƙungiyar a wancan zamani akwai Tunde Williams mai turamfet da Lekan Animashaun, wanda aka fi sani da Baba Ani, mai babban saksofon ɗin nan mai gurnani, wanda ya zauna da Fela har ƙarshen rayuwarsa. Bayan take sai a buɗe fili, mai busa ɗaya ya fito ya ƙaga nasa, sannan a koma wa take. Wannan tsarin jaz ne tsantsa, ba na James Brown ba ne, ba kuma na hailaif ba. In kana so ka ji daɗinsa, ɗauki mai busar a matsayin Shata: shi ke magana, sai dai da ƙaho yake yinta. Mu da muka san kalangu na kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba, bai kamata ƙaho mai magana ya zame mana baƙo ba. Mahautanmu na Oko-Oba, waɗanda kalangu kiɗan sana'arsu ne tun kaka da kakanni, sun fi kowa sanin haka.

Muryar Fela kuwa, a nan ba jagora ba ce. Rauji yake yi, yana jan sauti ba kalma, kamar mai aiki da ke waƙa a maƙogwaro. Wani lokaci tana tafiya da busa, wani lokaci tana ba ta hanya. Wanda ya saba da Felan da ke zagin gwamnati zai yi mamakin jin sa haka.

Na bar ganga a ƙarshe don ita ce ta fi wuyar bayani, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, ya koyi sana'arsa ne yana sauraren manyan makaɗan jaz irin su Max Roach da Art Blakey. Shi Blakey ɗin ma ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Abin da Allen ya ɗauko wurinsu shi ne amfani da gaɓɓai huɗu, kowace da aikinta: ƙafar dama na taka babbar ganga, ƙafar hagu na buɗewa da rufe fayafayan ƙarfen nan biyu, hannaye kuma kowanne na nasa. Makaɗan hailaif na lokacin ba su cika damuwa da fayafayan ƙafar hagu ba, shi kuwa ya mai da su abin magana. Sakamakon shi ne mutum ɗaya yana yin aikin da a gargajiyance sai an tara makaɗa uku ko huɗu. A kiɗan James Brown ana dukan ƙaramar ganga da ƙarfi a bugu na biyu da na huɗu, kowa ya san inda za ta sauka. Allen ba ya yi maka haka. Yana warwatsa bugun, yana taɓawa a hankali a inda ba ka zata ba, kiɗan ya riƙa rangaji maimakon tafiyar soja. A can Los Angeles ma ya ƙaru da wani makaɗin jaz mai suna Frank Butler, wanda ya ba shi shawarar ya riƙa gwaji a kan matashin kai don hannunsa ya yi laushi. Fela da kansa an sha ruwaito shi yana cewa ba don Tony Allen ba da babu Afrobeat.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce Fela wurin Shata ko wani makaɗin Hausa ya ɗauko ba. Shi daga Abeokuta da Legas ya sha nononsa. Abin da nake cewa shi ne ginin iri ɗaya ne: gindi tsayayye, amshi, da jagora mai ƙagawa. Haka yake a kuntigin Ɗan Maraya Jos, haka yake a kiɗan ƙwaryar Barmani Choge, haka yake a apala na Haruna Ishola da sakara na Yusuf Olatunji, wanda ma gogen da yake ja daga Arewa ya gangaro, Yarbawa na ce masa goje.

Ra'ayina game da kiɗan kansa: bai kai na baya gogewa ba. Ana jin ɗanyen aiki a ciki, ana jin ƙungiyar da ke gaggawa, kuma ƙamshin kiɗan sol na Amurka ya fi yawa a kansa fiye da yadda zai kasance bayan shekara uku. Abubuwan da aka san Afrobeat da su daga baya, wato jita ta biyu mai maimaita nata karin, da 'yan amshi mata, da doguwar shimfiɗa kafin a fara waƙa, da Turancin buroka mai cizo, duk babu su tukuna. Amma ƙashin bayan yana nan cif. Duk wanda ya ji “Lady” ko “Shakara” ko “Zombie”, in ya dawo ya ji wannan, zai gane ɗan gidan ne.

Bayan an dawo gida

Fela ya dawo Legas a 1970, yaƙi ya ƙare. Ya mai da sunan ƙungiyar Africa 70. Kiɗan da ya fara buɗe masa kasuwa sosai a gida shi ne “Jeun Ko Ku”, wanda a Yarbanci ke nufin ci har ka mutu, kuma a kan tsarin da aka gwada a Los Angeles aka gina shi. A ƙarshen 1970 James Brown da kansa ya zo Legas, yaransa irin su Bootsy Collins mai jitar bes suka je kallon wasan Fela, suka dawo suna ba da labarin abin da suka gani. Wato kwaikwayon bai tsaya a hanya ɗaya ba. Ginger Baker, makaɗin gangar Ingila na ƙungiyar Cream, ya yi faifai tare da Fela a 1971, ya ratso Sahara da mota ya zo Legas, ya kuma kafa ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja.

Sauran labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Gidan rawarsa na Shrine ya zauna a otal ɗin Empire da ke Idi-Oro, gidansa na Kalakuta kuma a lamba 14 Agege Motor Road. A 1977 aka yi bikin FESTAC daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, wanda dominsa aka gina rukunin gidajen Festac da ke maƙwabtaka da mu a nan Mile 2. Fela ya ƙaurace wa bikin, amma baƙin da suka zo daga ƙasashe suka riƙa kwarara Shrine da dare. Kwana shida da rufe biki, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka ƙona Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Tony Allen ya bar ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970, ya rasu a Faris a 2020. Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997.

Mu ma Arewa ba a bar mu a baya ba wajen irin wannan gauraye, ko da yake ba a cika faɗa ba. Bala Miller ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna yana rera Hausa a kan busa da jita na zamani, masu shekaru za su tuna “Ikon Allah”. Sannan daga 1981 zuwa 1985 wani babban mai busar jaz na Amurka, Yusef Lateef, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Fela ya je Amurka ya gano gida, shi kuma Lateef ya baro Amurka ya zo Samaru neman abin da kakanninsa suka bari.

Gyara ɗaya ga samarinmu, tunda su suka jawo maganar: Afrobeat na Fela daban, Afrobeats mai harafin “s” a ƙarshe, na su Wizkid da Davido, daban. Na biyun kiɗan kwamfuta ne na minti uku, ya ɗebo daga wurare da yawa, har da ɗan abin da ya ɗebo wurin Fela. Na farkon kuwa sai an tara mutum goma sha wani abu a kan dandamali, kowa da kayansa a hannu. Wanda ke son ganin irinsa da idonsa, 'ya'yan Fela na riƙe da sabon Shrine a Agidingbi, Ikeja, kuma kowane Oktoba ana bikin Felabration a can.

“My Lady Frustration” yana nan a YouTube da sauran manhajojin sauraren kiɗa, a cikin tarin “The '69 Los Angeles Sessions”. Shawarata kada ku saurare shi da lasifikar waya, don tana cinye muryar bes, kuma in bes ya ɓace rabin kiɗan ya tafi. Ku sa abin kunne ko ku haɗa da rediyon mota. A ji na farko ku bi bes kaɗai. A na biyu ku bi ƙafar hagun Tony Allen.